Tsofaffin Mujallun Bata: Tarihin da Muke Ƙunshe Ƙosai da Shi

A wannan mako zan ɗan jingine batun siyasa da tsadar rayuwa, in ja hankalinmu zuwa ga wani abu da yawancinmu ke ɗauka shara ne, wato tsofaffin mujallu, musamman na ado da kwalliya da fasaha, da kuma 'yan tsirarun mutanen da suka ɗora wa kansu ɗawainiyar tara su. Na san akwai mai cewa ana ta kai wa yake ta kaya. To amma wani kayan idan aka bar shi ya salwanta, ko kan ya tsira ba za a sake samun irinsa ba.

Duk wanda ya san Kano ya san Bata, mahaɗar nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a kan titin Murtala Muhammad, inda a yanzu doguwar gadar sama ta bi ta samanta. Sunan wurin na kamfanin takalma ne, wanda Tomas Bata ya kafa a 1894 a garin Zlin na ƙasar da a yau ake kira Jamhuriyar Cek, ya kuma shigo Nijeriya tun zamanin Turawa. Haka ma Singa da ke maƙwabtaka da ita, sunan keken ɗinki ne. Yaro a yau zai tsayar da ɗan A Daidaita Sahu ya ce a kai shi Bata, ba tare da ya taɓa jin labarin takalmin Cortina da iyayensa suka je makaranta da shi ba. Suna ya zauna, labari ya tafi. Wanda kuma yake son ya ga siffar wannan takalmi, da kuɗin da aka sayar da shi, da irin kalaman da aka yi tallarsa da su, to sai ya nemi shafukan talla na tsofaffin mujallu, domin can ne kaɗai aka ajiye su.

Ba haɗari ne ya sa wannan yanki ya zama matattarar takardu ba. Fagge tun asali zango ce ta fataken da ke ketowa daga Sahara, daga baya Kwarori suka kafa kantunansu na yadi a inda ake kira Kantin Kwari. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne jim kaɗan bayan isowar titin jirgin ƙasa Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Saboda haka a nan ne mai sayar da yadi, da tela, da mai ɗaukar hoto, da mai kantin littattafai, da mai gidan silima suka haɗu a ƙasa guda. Silimar Plaza tana Fagge, El Dorado tana Sabon Gari. Da zamanin kaset ɗin bidiyo ya zo, Bata ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren dillancin fina-finan Hausa. Duk inda yadi da hoto da fim suka haɗu kuwa, mujalla ba ta rasa mai saye.

A iya bibiyar da na yi wa masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a wannan yanki, mujallun da ke faɗowa hannunsu sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne na ƙasashen waje. Akwai Ebony, wadda John H. Johnson ya fara bugawa a birnin Cikago na Amurka a 1945, ta kuma nuna wa baƙar fata na duniya cewa su ma hotonsu ya cancanci bangon mujalla. Akwai Vogue da ta fara fitowa tun 1892. Akwai Burda ta Jamus, wadda Aenne Burda ta kafa a 1950, ta kuma shahara saboda faffaɗar takardar samfurin yanka da ake naɗewa a tsakiyarta, tela ya shimfiɗa a kan yadi ya bi layi da almakashi. Sai kuma mujallun fina-finan Indiya irin su Filmfare ta 1952 da Stardust ta 1971, waɗanda samarin Fagge da suka haddace sunayen jaruman Indiya ke rububinsu.

Kashi na biyu su ne na Nijeriya da sauran Afirka da aka buga da Turanci. Drum ta fara ne a Afirka ta Kudu a 1951, daga baya ta riƙa fitar da bugu na musamman domin Nijeriya, kuma kamfaninta ne ya buga African Film, mujallar labari cikin hotuna da ta fito da jarumi Lance Spearman. Kamfanin Daily Times na Legas ya fitar da Spear da kuma Woman's World domin mata. A fagen fasaha da adabi akwai Black Orpheus da Ulli Beier ya assasa a Ibadan a 1957, da Transition da Rajat Neogy ya kafa a Kampala a 1961. Uwa-uba kuma akwai Nigeria Magazine, wadda ta tsiro daga wata mujallar malaman makaranta, ta ɗauki sunan Nigeria a 1937 a hannun E. H. Duckworth, daga bisani mutane irin su Michael Crowder da Onuora Nzekwu suka yi mata edita. A cikinta ake samun dogayen maƙalu masu hotuna a kan rini da saƙa da ginin ƙasa da ginin tukwane da hawan salla, a lokacin da babu wani ɗan Arewa da ke yawo da kyamara a aljihu.

Kashi na uku, wanda ya fi kusa da zuciyata, su ne namu na Hausa. Tarihin aikin jarida da Hausar boko ya yi nisa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. Kamfanin Triumph da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ya fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami. Amma mujalla mai hotuna masu launi, wadda ke nuna Bahaushe da Bahaushiya cikin adonsu na yau da kullum, ba ta bunƙasa sosai ba sai da fim ɗin bidiyo ya zo. Turmin Danya ya fito a 1990, kafin shekara goma ta cika kuma aka samu Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji a 1998, da Fim ta Ibrahim Sheme a watan Maris na 1999, wasu da dama kuma suka biyo baya, mafi yawansu suka mutu bayan 'yan fitowa kaɗan.

Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne amfanin tara waɗannan? Bari in ba da misali guda. Sunan Kannywood, wanda a yau duniya ta san masana'antar fim ɗin Hausa da shi, ya fara bayyana ne a mujallar Tauraruwa a 1999. Sunan Nollywood kuwa sai a 2002 ya bayyana a jaridar New York Times. Wato namu ya girmi nasu da shekara uku, alhali mutane da yawa, har da masu ilimi, suna ɗauka cewa Kano ce ta kwaikwayi Legas wajen raɗa sunan. Abin da ya raba wannan gardama ba hasashe ba ne, ba kuma kishin yanki ba ne. Takarda ce mai kwanan wata, wadda wani ya adana, manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka kafa hujja da ita. Da a ce duk kwafin wannan fitowa an ƙunshe tsire da su, da yanzu sai dai mu yi ta rantsuwa, su kuma su yi ta murmushi.

Haka abin yake a tarihin sutura. Littattafan tarihinmu cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe da zaɓuɓɓuka, amma ba su cika faɗa mana abin da mutane suka sa a jikinsu ba. Mun san Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin girman sana'ar saƙa da rini a ƙasar Kano, da nisan inda tufafinta ke kaiwa. Mun san marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura. Amma daga samun 'yancin kai a 1960 zuwa yau, wa ya rubuta mana yadda babbar riga mai aska takwas ta ja da baya kaftani ya shigo gaba, ko yadda aikin keke ya ci kasuwar aikin hannu? Wa ya tsara mana zuwan shadda da leshi, da sauyin ɗaurin kallabi daga ture-ka-ga-tsiya zuwa salon da aka laƙaba wa Maryam Babangida, da yadda gyale ya yi ta ƙanƙancewa yana faɗaɗa, da yadda hijabi ya yaɗu daga shekarun 1980, da shigowar abaya daga ƙasashen Larabawa? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da alaƙa da tattalin arziki da addini da siyasa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960, ta kuma rufe a 2007 lokacin da atamfar Sin ta mamaye Kantin Kwari. Wanda ya jera mujallun shekaru arba'in ya duba zanen da ke jikin mata, zai ga tashin waɗannan masaƙu da faɗuwarsu ƙuru-ƙuru. Gani ya kori ji.

Ga telolin Fagge kuwa, mujalla kayan aiki ce, tamkar almakashi da tef. Kafin zuwan wayar hannu, mace kan shiga shagon tela a miƙo mata tarin mujallu da kalandun ɗinki, ta yi ta buɗawa har ta ɗora yatsa a kan wanda ya yi mata. Tela kuma ba ya kwafa kai tsaye. Zai ƙara tsawon hannu, ya rufe wuya, ya saki ƙugu, har rigar da aka zana a Jamus ko Legas ta dace da matar aure a Kurna ko Ɗandago. Wannan juyi da tela ke yi fasaha ce mai zaman kanta, kuma babu yadda za a yi a nazarce ta sai an ajiye samfurin asali kusa da abin da aka ɗinka. Mujallar da ta fito daga shagon tela, mai alamar alli da ɗigon man keke da awon wata mata da aka rubuta da biro a gefe, a wurina ta fi sabuwa fil daraja, domin ta zo da shaidar yadda aka yi amfani da ita.

To yaya waɗannan takardu ke salwanta? Hanya ta farko ita ce mutuwa. Tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin reluwe ya shekara talatin yana sayen mujalla yana jerawa a kabad. Ranar da ya rasu, magada su raba gida da gona da mota, takardu kuwa ba mai so, sai a kira ɗan gwangwan ya auna a sikeli ya biya kuɗin kilo. Daga nan su bazu wurin masu ƙosai da masu gyaɗa da masu balangu. Abin da ya tsira ya iso bakin titi a Bata, ɗan ƙalilan ne da idon wani dillali ya faɗa kansa. Wani dattijo da na daɗe ina ciniki da shi ya taɓa ce mini, "Malam, ku 'yan jami'a sai kaya sun ƙare kuke zuwa. Mai ƙosai kuwa kullum da safe yana nan, kuma ba ya neman ragi." Na ce masa, "Baba, ai mai ƙosai bai san abin da yake saye ba." Sai ya ce, "Shi dai ya san yana bukata. Ku da kuka sani, ina kuke?" Har yau ban ga ɗan bokon da ya isa ya amsa wannan tambaya da sauƙi ba.

Hanya ta biyu ita ce ita kanta takardar. Yawancin jaridu da mujallu masu araha ana buga su ne a kan takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace, wadda ke ɗauke da wani sinadari mai suna lignin. Idan haske da iska suka daɗe suna dukanta sai ta yi ja, asid ya taru a cikinta, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Takarda mai sheƙi kuwa, da zarar ta sha ruwa ta bushe, shafukan sun manne ke nan, ba sa rabuwa sai da yagewa. Yanayinmu ma bai taimaka ba. Damina ta kawo danshi da fumfuna, hunturu ya zo ya busar da ita ƙayau, zafin bazara ya gaggauta lalacewarta, ƙarfen da aka ɗinke tsakiya da shi ya yi tsatsa ya ci takarda. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera. Hanya ta uku ita ce gobara. Wadda ta tashi a Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi ta Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. An yi lissafin asarar kaya da kuɗi, kuma daidai ne a yi. Amma takardar da kwafinta ɗaya ya rage a duniya ba ta shiga irin wannan lissafi, domin babu kuɗin da zai maido da ita.

Akwai ƙorafe-ƙorafe uku da nakan ji idan na tayar da wannan magana, kuma kowanne ya cancanci amsa. Na farko shi ne cewa a cikin waɗannan mujallu akwai hotuna da shigar da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Gaskiya ne akwai. Amma adana abu daban, yarda da shi daban. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna cike take da rahotannin jami'an mulkin mallaka, wasu ma da kalaman raini a kanmu, ba wanda ya ce a ƙone su, domin da su muke gane yadda aka mulke mu. Mai son ya yi wa al'umma gyara a kan sutura ma yana bukatar sanin ta ina sauyin ya shigo, a wace shekara, ta hannun wa. Likita ba ya yaga katin mara lafiya don abin da ke ciki bai yi masa daɗi ba. Abin da hankali zai bayar shi ne a ajiye irin waɗannan a inda manazarci zai isa gare su, ba a baje su gaban yara ba.

Ƙorafi na biyu shi ne cewa Drum da Ebony da Burda ba namu ba ne, na Kudu ne da na Turai. Wannan magana ta manta da cewa abin da mutum ya karanta ya shiga tarihinsa, ko a ina aka buga shi. Kano ba ta taɓa zama tsibiri ba. Garin da ya karɓi alkyabba daga Arewacin Afirka, ya karɓi jar dara, ya mayar da su kayan sarauta, ba zai ce mujallar da 'ya'yansa suka karanta shekara hamsin baƙuwa ce ba. Bugu da ƙari, a cikin waɗannan mujallu na Turanci ne ake samun labarin fasahar Arewa kanta: ƙungiyar ɗaliban zane da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa a Zariya a 1958, da tukwanen Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, da gagarumin hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ɗalibaina suka fi yi, wai komai yana intanet. Abin da ke intanet shi ne abin da wani ya ɗauki hotonsa ya ɗora. Vogue ta zuba dukkan fitowarta tun daga 1892 a rumbun kwamfuta, domin tana da kuɗi da ma'aikata. Ƙaramar mujallar Hausa da ta fito sau biyar a Kano ta mutu, wa zai ɗora ta? Ko ƙoƙarin da matasan Archivi.ng ke yi daga Legas na ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya, wanda ya cancanci yabo, ya dogara ne da samun takardar a hannu. Abin da gara ta ci, na'ura ba ta iya karanta shi. Sannan abin da muke zubawa a Facebook da Instagram da TikTok a yau, yana hannun kamfanonin da ba su yi mana alkawarin ajiye shi shekara hamsin ba.

Sai dai ba duk mai tara takarda ne ke yi wa tarihi hidima ba. Akwai mai tarawa, akwai mai jibgewa. Mai jibgewa shi ne wanda ya cika ɗaki da buhuna, bai san abin da ke ciki ba, ba ya barin kowa ya gani, ranar da ya kau kuma a kira ɗan gwangwan. Mai tarawa yana da manufa. Yakan zaɓi fanni, misali mujallun fim na Hausa daga 1998 zuwa 2010, ya bi su fitowa bayan fitowa, ya rubuta a littafi suna da lamba da wata da shekara da inda ya samu, ya san waɗanda suka rage masa. Idan mujalla ta zo ba bango, yakan gano shekarunta daga alamomin ciki. Farashi da sule da fam yana nuna kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da Naira ta fara aiki. Hoton titi da motoci ke bin hannun hagu yana nuna kafin Afrilun 1972. Ambaton Jihar Arewa maso Yamma yana nuna tsakanin 1967 da 1976. Adireshin da ya sa Haɗeja ko Gumel a Jihar Kano yana nuna kafin ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Wajen ajiya kuma ba sai an kashe dukiya ba. A kwantar da mujallu a kwance cikin kwali mai tsabta, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshi, a kuma kauce wa ɗakin da rana ke faɗawa ko rufin da ke yoyo. A cire ƙarfen tsakiya idan ya fara tsatsa. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, domin gam ɗinsa na cin takarda ya bar tabo. Kada a yi mata laminetin, domin zafi da roba suna kashe ta ne gaba ɗaya, kuma ba a warwarewa. Kada a yanke hoto daga shafi, domin hoton da aka raba da kwanan watansa da bayaninsa ya zama maraya. A riƙa buɗe kwalayen ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta. Sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya, har da tallace-tallace, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya sa nake ganin lokaci na ƙure mana shi ne, duniya ta farga da darajar waɗannan abubuwa. A 2022 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya buɗe babban baje koli a kan adon Afirka, inda ya nuna ayyukan Shade Thomas-Fahm ta Nijeriya tare da tsofaffin hotuna. Hotunan kitso da J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗauka a 1968 yanzu suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Tun a 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan. Farfesa Graham Furniss ya tara ɗimbin littattafan adabin kasuwar Kano a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu, hasali ma sun yi abin da ya kamata mu yi ne. Amma idan muka ci gaba a haka, jikokinmu za su nemi biza kafin su ga irin ɗaurin kallabin kakanninsu. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Mafita ba ta fi ƙarfinmu ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga, kuma ya kamata masu buga mujallun Hausa su ɗauki wannan a matsayin kare kansu daga mantuwa. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Mambayya, da Laburaren Murtala Muhammad a Kano, da Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya. Ko ɗaya daga cikinsu zai iya ware ɗaki guda domin mujallu, ya kuma sanar da jama'a cewa duk iyalin da aka bar wa takardu su kawo, a rubuta sunan mamacin a jikin kwalin, ya zama abin tunawa da shi. Laburaren Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke fuskantar salwanta, kuma tsarinsa shi ne takardun asali su zauna a ƙasarsu. Sassan Hausa da tarihi da aikin jarida da zane na jami'o'inmu za su iya nema. Attajiran Kantin Kwari, waɗanda arzikinsu ya tsaya a kan yadi, su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin adana tarihin sutura, kuma abin da za a kashe bai kai kuɗin dila ɗaya ta shadda ba.

Ga ɗalibai kuma, maimakon a yi ta maimaita batutuwan kundin digiri da aka gaji da su, ga fili nan a buɗe. A ɗauki mujalla guda a tsara jerin abin da ke cikin kowace fitowa. A zauna da tsofaffin telolin Fagge da masu ɗaukar hoto na Sabon Gari a naɗi bayaninsu tun suna raye. A nazarci Hausar tallace-tallace, a ga yadda kalmomi suka shigo suka fita. Kowa kuma, kafin ya kira ɗan gwangwan ya kwashe kabad ɗin mahaifinsa, ya daure ya buɗe ya duba. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma sai an bar wani abu a baya sannan mai waiwaye zai ga abin gani. Allah Ya sa mu dace. Sai mako na gaba, idan mai kowa mai komai Ya kai mu.